Cefane a garin da ake kira Abinci

Essen gari ne a yammacin Jamus, a tsakiyar yankin Ruhr inda a da ake haƙar kwal da narka ƙarfe. A Jamusanci kalmar essen na nufin ci ko abinci, kodayake ba daga nan sunan garin ya samo asali ba. Mako uku na yi a can cikin watan Oktoba, a wani ɗaki mai ɗan madafi: murhun lantarki mai kai biyu, ƙaramin firji, tukunya biyu da kasko ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a Turai ya san lissafin. Abin da za ka biya a gidan abinci don cin rana ɗaya ya isa ya yi maka cefanen kwana biyu ko uku, in dai ka san ƙofar da za ka shiga. Ƙofofin su ne kantunan rahusa: Aldi, Lidl, Penny, Netto da Norma. Babban wansu kuwa, wato Aldi, a nan Essen aka yanke masa cibiya.

'Yan'uwa biyu ne, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a unguwar Schonnebeck bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1960 suka raba kasuwancin gida biyu, ana cewa kan sayar da taba sigari suka saɓa, sannan a 1962 sunan Aldi ya fito, wato Albrecht Diskont a taƙaice. Theo ya ɗauki arewa, Aldi Nord, da hedikwata a Essen. Karl ya ɗauki kudu, Aldi Süd, da hedikwata a Mülheim, garin da ke manne da Essen. Iyakar da ta raba su ta bi ta tsakanin garuruwan nan biyu, don haka in ka hau jirgin ƙasa na 'yan mintuna sai ka ga tambarin kantin ya sauya launi. Lidl kuma na kamfanin Schwarz ne da ke Neckarsulm, kantinsa na rahusa na farko a 1973 aka buɗe shi a Ludwigshafen.

Mu a gida mun saba da cewa araha ba ta ado. A nan maganar ta yi daidai da ginin, amma ba ta yi daidai da kayan ba. Kantin ba shi da ƙyale-ƙyale, kaya a cikin kwalayensu ake jera su, madara da ruwa ma a kan katakon da aka sauke su daga mota. Ma'aikata uku ko huɗu ne ke riƙe da wurin gaba ɗaya, wanda ke karɓar kuɗi shi ne zai tashi ya jera kaya in layi ya yanke. Nau'in kayan da Aldi ke ajiyewa kullum bai wuce dubu biyu ba, alhali babban kanti na yau da kullum yana ninka haka sau da yawa. Kusan tara cikin goma kuma da sunan kantin ake yin su, ba da sunan fitattun kamfanoni ba: madarar Aldi Milsani, ta Lidl Milbona. Arahar daga nan take zuwa. A jikin duk wani kayan madara akwai ɗan zane mai siffar ƙwai da aka rubuta DE, sai haruffan jiha kamar NW ko BY, sai lamba. Lambar masana'antar da ta ƙarasa aikin ke nan. Sau da yawa in ka gwada ta da ta mai tsada a wani kanti sai ka tarar gida ɗaya suka fito.

Kafin ka shiga kana buƙatar abu biyu: jakarka, da tsabar yuro 1 ko santi 50. Kekunan zuba kaya a sarƙe suke da juna, sai ka cusa kuɗin a hannun keken ya saki, in ka mayar ka karɓi abinka. Jaka kuwa ba a bayarwa kyauta, kuma tun 2022 aka hana siririyar ledar cefane irin wadda muka sani. Abu na uku, duba kalanda. Ran Lahadi kantuna a rufe suke ruf, sai ɗaiɗaiku a manyan tashoshin jirgi. Haka ma 3 ga Oktoba, ranar haɗewar Jamus, da 1 ga Nuwamba a jihar da Essen take. Wanda ya sauka daren Asabar bai yi tanadi ba, biskit ɗin gidan mai zai ci har Litinin.

A kan kowace takardar farashi akwai babban rubutu da ƙaramin rubutu. Babban shi ne abin da za ka biya, da haraji a ciki. Ƙaramin shi ne farashin kilo ɗaya ko lita ɗaya, kuma doka ce ta tilasta a rubuta. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan ƙaramin rubutun ya fi ido gaskiya, don fakiti kan yi girma cikinsa iska.

Wurin da na fi daɗewa a tsaye shi ne kantar hatsi, don a nan mai son tuwo zai tsira ko ya sha wuya. Akwai wata shinkafa gajera mai kumburin ciki, fakitin giram 500, an rubuta Milchreis. Jamusawa da madara da sukari suke dafa ta kamar kunu. Mu kuwa shinkafar tuwo ce tsaf, danƙonta har ya fi na wadda ake kawowa kasuwa wani lokacin. A wanke ta sau ɗaya kawai, don yawan wanki yana tafiya da danƙon. A jiƙa minti 30, a zuba ruwa lita ɗaya da rabi, in ta tafasa a rage wuta sosai a rufe, a ba ta minti 35 zuwa 40 har ƙwayar ta narke in an murza da yatsa, sannan a tuƙa. Fakiti ɗaya na ciyar da mutum huɗu. Abin da ke ɓata ta shi ne murhun lantarki. Ba kamar gas ba ne, in ka rage shi farantin yana riƙe zafinsa na wasu mintuna, sai gindin tukunya ya kama tun kana ganin ka rage. Dabara ita ce ka kunna kai na biyu a ƙaramar lamba, da ta tafasa ka mayar da tukunyar can. A lura kuma, akwai wani Milchreis a firji cikin ɗan kofi, wannan dafaffe ne da sukari, ba shi ake nufi ba.

Kusa da ita akwai Grieß, tsakin alkama mai laushi, iri biyu. Weichweizengrieß shi ya fi kusa da samobita, tuwonsa sumul. Hartweizengrieß yana da ɗan tsaki-tsaki a baki, ya fi dacewa da dashishi. Giram 250 na buƙatar ruwa kamar mililita 800. A dama cokali huɗu da ruwan sanyi a yi talge tukuna, ya dahu minti biyar, sannan a riƙa barbaɗa sauran ana tuƙawa. Wanda ya juye shi gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa, gudaji zai tsinta. Polenta ko Maisgrieß tsakin masara ne rawaya, ya yi fate da dambu, amma tuwonsa ba ya haɗe jiki sai an ƙara masa cokali biyu na Speisestärke, wato sitaci. 'Yan Gana da ke can sun daɗe da gano haɗa garin dankalin turawa na Kartoffelpüree da sitacin dankali su tuƙa sakwara, kuma ba laifi, tana miƙewa. Sai dai a duba fakitin, wani an riga an sa masa madara.

Shinkafar dafa-duka kuwa, a nemi wadda aka rubuta Parboiled, kilo ɗaya a leda. Ita ce ba ta caɓewa. A guji mai suna Kochbeutel, wadda aka ƙulla a ƙananan ledoji huɗu na giram 125 don a jefa cikin ruwa, kilonta ya fi tsada kuma ba ta da amfani ga mai girkin gaske. Basmati tana nan, tana da kyau, amma buhun kilo biyar a shagon Turkawa ko na Indiyawa ya fi sauƙi in zaman zai yi tsawo. Taliya giram 500, fulawa kilo ɗaya, ots giram 500, kowannensu bai kai yuro 1 ba lokacin da nake can, kuma ban ga abin da masu tsadar suka fi su da shi ba. Fulawa lamba gare ta: 405 ita ce fara ta fanke da cincin, 550 ta burodi, 1050 mai duhu. Fanke: giram 500 na 405, ƙullin busasshen yis ɗaya mai giram 7, sukari giram 100, ruwan ɗumi kamar mililita 400. Sanyin Oktoba ba ya barin ƙullu ya tashi, sai an ajiye kwanon kusa da hitar ɗaki awa guda. A wajen sukari a yi hattara da Gelierzucker. Kamanninsu ɗaya da na shayi, amma na dafa jam ne, an haɗa shi da abin da ke sa ruwa ya yi kauri.

Gero kam ya gagara. Abin da suke kira Hirse wani ɗan rawaya ne mai sheƙi, dangi ne na nesa, ba ya fura. Wake mai baƙin ido ma babu, sai jan wake na gwangwani. Waɗannan biyun sai shagunan Afirka ko na Turkawa.

Kayan miya a nan ne araha ta yi rana. Markaɗaɗɗen tumatir a kwali, passierte Tomaten, giram 500. Yankakke a gwangwani, giram 400. Na matsi, Tomatenmark, giram 200 a bututu irin na man goge baki, wanda ya fi gwangwani don ba ya fumfuna bayan an buɗe. Aibin na kwalin tsami. Maganinsa a soya shi da albasa minti 20 ba tare da murfi ba har mai ya taso, in bai daina ba a sa Natron kwatan ƙaramin cokali, aikin kanwa yake yi. Ana samunsa a kantar kayan kek, kuma ba shi ne Backpulver, hodar da ke sa kek ya tashi, ba. Tattasai shi ne Spitzpaprika, ja dogo mai tsini, ya fi zagayayyen ɗanɗano da launi. Attaruhu fa sai dai haƙuri. Abin da Bajamushe ya rubuta wa scharf, wato mai yaji, yaron Kano zai cinye bai nemi ruwa ba. Albasa a raga take, kilo ɗaya ko biyu, a juya ragar a matsa ta ƙasa, ruɓaɓɓiya can take ɓuya.

Oktoba lokacin kabewa ne. Akwai wata ƙarama ja-ja mai suna Hokkaido, nauyinta kilo ɗaya ko ɗan fiye, ba a feraye ta don ɓawon yana narkewa. Ban ci miyar taushe a wajen gida da ta kai wadda aka yi da ita ba. Kabewa ɗaya, tattasai uku, albasa biyu, rabin kwalin tumatir, cokali uku na tunkuzar kwalba, Erdnussbutter, sai alayyafon firiza. A alayyafon ne ake faɗawa rami. Fakiti biyu ne gefe da gefe, hotonsu kusan ɗaya. Blattspinat ganye ne zalla. Rahmspinat an niƙa shi an haɗa da kirim ɗin madara, in ya shiga miya sai ta koma wani abu fari-fari mai gardin da ba a nema ba. Tunkuzar ma a karanta, mai salon Amurka da sukari take zuwa, a nemi wadda gyaɗa ta kusa cika ɗari bisa ɗari. Yakuwa babu, rabin lemon tsami a ƙarshe yana rufe gurbinta.

Dankalin turawa iri uku ne, kuma galibi launin takardar yana faɗa. Kore, festkochend, ba ya fashewa, na miya da fate. Shuɗi, mehligkochend, mai gari, na dakawa. Ja, vorwiegend festkochend, na tsakiya, shi ya fi yin komai har suya. Man suya a ɗauki Rapsöl ko Sonnenblumenöl, lita ɗaya. Wani abin dariya, in ka ce Maggi a Jamus, ruwa ne baƙi a 'yar kwalba mai doguwar wuya za a nuna maka. Dunƙulen sunansa Brühwürfel, kuma wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne na ganye, Gemüsebrühe.

Firjin madara shi ne abin alfaharin waɗannan kantuna. H-Milch madarar kwali ce da ke wata da watanni ba firji muddin ba a buɗe ba, mai maiƙo 3.5 ko 1.5 cikin ɗari. Ta shayi irin ta gwangwani sunanta Kondensmilch, a ɗauki mai 7.5 ko 10. Farin garin da aka rubuta Kaffeeweißer ba madarar gari ba ce, yawancinsa sukari ne da mai. Yogot marar zaƙi, Naturjoghurt, kindirmo ne sak, akwai kofin giram 500 akwai bokitin kilo. In aka haɗa shi rabi da rabi da Buttermilch sai ya ba da tsamin nonon da aka kaɗe. Akwai kuma Quark, wani abu tsakanin kindirmo da cuku, mai ƙosarwa ƙwarai, da zuma da ayaba ya isa karin kumallo. Bota giram 250 ce, galibi ba gishiri. A ɓangaren masu ƙin nama za ka ga Tofu Natur, wannan awara ce ba wani abu ba. A naɗe ta a tsumma a ɗora tukunya mai ruwa a kai minti 20 ta tsane, a yanka, a sa gishiri da yaji, a tsoma a ƙwai a soya. In ba a matse ba mai zai yi ta fantsama, ita kuma ta ƙi yin ɓawo.

Ƙwai ba a firji yake ba, a kan kanta yake, goma-goma a kwali. Lambar farko da aka buga a jikin ɓawon tana faɗar yadda aka kiwata kazar: 0 kiwon da ba sinadari, 1 mai fita waje, 2 ta cikin rumfa, 3 ta keji. Masu launi ja da kore da rawaya dafaffu ne, kada a saya don wainar ƙwai.

Sai nama, inda Musulmi zai rage sauri. Naman waɗannan kantuna galibi ba shi da shaidar halal. Kowa da fatawar malaminsa kan yankan Ahlul Kitabi, ni dai nawa a wajen mahautan Turkawa da Larabawa na titin Altendorfer Straße nake saye, inda aka rubuta helal a ƙofa, kuma ragonsu da kazarsu ba su fi na kanti tsada sosai ba. Amma ko wanda ya sassauta dole ya haddace kalmomin alade, don ba a zana hotonsa a fakiti. Schwein shi ne alade. Speck kitsensa, Schinken cinyarsa, Schmalz mansa, Mett ɗanyen niƙaƙƙensa. Wanda ya fi kama baƙi shi ne gemischtes Hackfleisch, niƙaƙƙen nama da aka gauraya sa da alade, yana kwance daf da na sa zalla, kuma ya fi shi araha. Rind sa, Lamm rago, Hähnchen kaza, Pute talotalo. Sosej ɗin kaza ma, mai suna Geflügelwurst, sai an juya bayansa an karanta layin da ya fara da Zutaten, nan ake jera abin da ke ciki daga mai yawa zuwa mai kaɗan.

Kifi ya raba gardama. Kyafaffen taitus, geräucherte Makrele, guda cur a leda, ya shiga miyar kuka kamar a gida. Seelachs na firiza fari ne ba ƙaya, amma an lulluɓe shi da ƙanƙara, a duba nauyinsa na gaskiya a ƙasan fakiti, a bar shi ya narke a firji a tsane shi kafin suya. Tuna da sadin na gwangwani suna da kyau. Matjes da Rollmops kuwa kifi ne da ba a dafa ba, an jiƙa a gishiri ko ruwan tsami, ba kowane ciki ke karɓa ba. In za a soya kifi a rufe ƙofar madafi a buɗe taga, don gidajen can duk da na'urar jin hayaƙi a silin, in ta fara ihu har maƙwabta sai sun leƙo.

Alade yana ɓuya a wani wurin kuma, cikin kalmar Gelatine. Alawa mai taunuwa irin ta Haribo da ake yi a Jamus da na alade ake yin yawancinta, wadda masana'antarsu ta Turkiyya ke yi ita ce ta sa, ana samunta a shagunan Turkawa. Kalmar tana fitowa a wasu yogot masu 'ya'yan itace da kek na firiza. Hanya mafi sauƙi ita ce neman zagayen nan rawaya mai harafin V kore da ganye, alamar ba nama a ciki. Amma wannan alamar ba ta hana giya, kuma Jamusawa suna son zuba ta a kayan zaƙi. Kalmomin su ne Alkohol, Rum, Weinbrand, Likör, Kirschwasser, Marc de Champagne. Weintrauben dai inabi ne kawai, kada Wein ɗin da ke farkon sunan, wato giyar inabi, ya tsorata kowa. Tun Satumba ake fito da kayan Kirsimeti, to a cikinsu kek irin su Stollen da Baumkuchen sai an karanta. Spekulatius kuwa, wani siririn biskit mai ƙamshin kirfa da kanumfari, ban ga abokin shayin da ya kai shi ba a kuɗinsa.

Burodi a bango yake cikin akwatunan gilashi, ana gasawa a wurin, da ɗan ƙarfe ake turo shi ba da hannu ba. Brötchen da safe sai wanda ya ci, da yamma ya zama dutse, a sayi na ci ɗaya. Baƙin burodinsu mai nauyi da tsami sai an saba. Mai neman laushi irin namu ya ɗauki Buttertoast ko Milchbrötchen. 'Ya'yan itace a bi lokaci: tuffa da inabi a kaka, lemon zaƙi ƙanana da sanyi. Mangwaro da gwanda a bar musu kayansu, ɗanye aka tsinko, ba ya nuna sai dai ya ruɓe.

Ruwa ma da karatunsa. Classic mai gas ne sosai, Medium mai ɗan gas, Still ko Naturell shi ne ruwa kamar ruwa. Kowace gora da gwangwanin lemo akwai kuɗin kwalba santi 25 a kai, Pfand, irin wanda masu shago ke riƙewa a da kafin ka dawo da kwalbar lemo. Tsarin ya fara a 2003. Kuɗin gorar ya kusa kai kuɗin ruwan da ke ciki, don haka ba a yarwa. A bakin kanti akwai na'ura mai rami, ka saka ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta karanta tambari, ka danna maɓalli ta ba ka rasit, a cire daga kuɗin cefanenka a wannan reshen. In ka murƙushe gorar ko ka yage takardarta, ta ƙi karɓa. Gaskiyar magana ma ruwan famfon Jamus ana shansa, ni gora shida na saya sau ɗaya na riƙa cikawa. A kantar shayi akwai mai suna Hagebutte mit Hibiskus. Hibiskus ɗin zoɓo ne, ƙulli huɗu a lita ɗaya da citta da kanumfari, a sanyaya.

Litinin da Alhamis ake sauya kayan tayi, takardar tallan tana bakin ƙofa. Lidl kan yi makon ƙasa-ƙasa, kayan Italiya, na Girka, na Asiya, da na gabas mai tambarin 1001 Delights. Da yamma, musamman Asabar, ana manna ragin kashi 30 a kan abin da kwanansa ya matso. Kwanan iri biyu ne. Mindestens haltbar bis na nufin ingancinsa ya tabbata har ranar, yogot ko biskit bai lalace don ta wuce da kwana biyu ba. Zu verbrauchen bis, wanda ke kan ɗanyen kifi da nama, wannan iyaka ce, ba a tsallake ta. Tsakiyar kantin kuma akwai kwanduna na riguna da tukwane da na'urar huda bango. Nan ne mutum ke shiga sayen albasa ya fito da tantin kwana a daji.

Wajen biya sai an shirya. Ka jera kaya a kan bel, masu nauyi a gaba, ƙwai da burodi a baya, ka sa ɗan sandan da ke raba kayanka da na mai bi maka. Mai karɓar kuɗin a zaune take, kuma kan ka ce kwabo ta gama, don zanen da na'ura ke karantawa an buga shi dogo a ɓangarori da dama na fakitin, ba sai ta juya ba. Har zuwa farkon shekarun 2000 ma'aikatan Aldi da ka suke buga farashi. Teburin da ke bayan mai karɓar kuɗin bai fi faɗin faranti biyu ba, da gangan. Ba a nan ake shirya jaka ba. Ka watsa komai cikin keke, ka biya da kati ko kuɗi hannu, ka tura zuwa dogon benci da ke jikin taga, can ka shirya a tsanake. Wanda ya tsaya ɗaure jaka a gaban kashiya ba wanda zai ce masa uffan, amma zai ji idanun layin a ƙeyarsa.

Abin da ya kamata a taho da shi daga gida ba shi da nauyi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a ƙulle sau uku, da yaji. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi, wani lokacin har da tara.

Tsarabar komawa, cakulan ne. Moser Roth na Aldi giram 125 ne, an raba shi ƙananan sanduna biyar kowanne da takardarsa, ya yi daidai da rabon yara. Choceur mai gyaɗar hazel a ciki ya fi shi araha. A Lidl akwai Fin Carré da J.D. Gross. Mai duhu, wanda aka rubuta 70 ko 85 cikin ɗari, ya fi jure zafi, amma yara ba sa son ɗacinsa. Mai ruwa-ruwa a ciki kada a soma, shi ne ke fara narkewa kuma shi ne giya ta fi ɓuya a ciki. Gaurayen gyaɗa da busasshen inabi mai suna Studentenfutter, giram 200, yana tafiya lafiya. Kwalbar cakulan na shafa wa burodi a babban akwati ake sa ta, in tana jakar hannu za a karɓe a wajen bincike, don duk abin da ake shafawa lissafin ruwa ake yi masa, iyakarsa mililita 100 a yawancin filayen jirgi. Sanduna ashirin masu giram 100 kilo biyu ne daga cikin kilo 23 da ake ba ka na akwati a jirgi. A jera su a tsaye kamar littattafai cikin leda mai zif, a tsakiyar akwati, tufafi sama da ƙasa. In an isa gida kada a buɗe nan take, a sa ledar yadda take a firji awa biyu tukuna. Wanda ya ɗan narke ya sake daskarewa yakan yi fari-fari a sama, maiƙon koko ne ya taso, ana cinsa.